Da lissafi na ci bak, ga shi lissafin jami'a yana neman kayar da ni

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne ɗan shekara 20 a nan Maradi, ina shekarar farko a jami'a, sashen kimiyya. Tun ina firamare lissafi ne darasina, da shi na ci bak, wato jarrabawar kammala sakandare, har ƙannen unguwarmu nake koya wa. Amma tun da muka fara darasin da ake kira lojik na koma kamar wanda bai taɓa shiga aji ba: babu lambobi, sai haruffa da alamomi da "tabbatar da cewa". A jarrabawar farko 4 bisa 20 na samu, alhali na haddace littafin rubutuna kusan shafi-shafi. Yanzu an shiga rukunai da ƙirge, gaba kuma ga lissafin yiwuwa da ƙididdiga. Abokaina sun ce in daina wahalar da kaina, in haddace amsoshin tsofaffin jarrabawa. Mahaifina hatsi yake sayarwa a kasuwa, da guminsa nake karatu, kuma har yau ban faɗa masa ba. Wani kawuna ma ya ce lissafin yiwuwa ilimin ƴan caca ne. Na fara yarda cewa duk wanda ya faɗi lojik ba shi da kan lissafin jami'a, har ina tunanin in ajiye in bi kawun nan fatauci. Me za ka ce mini?

Wa alaikumus salam, ɗana.

Zan fara da jimla guda daga cikin wasiƙarka, domin ita ce ta fi sauran nauyi, kuma a cikinta darasin da ka ce ya gagare ka yake kwance. Ka ce duk wanda ya faɗi lojik ba shi da kan lissafin jami'a. Magana ce mai farawa da "duk", irin wannan magana kuwa ba a tara shaidu kafin a rushe ta, mutum ɗaya tak da ya faɗi sannan daga baya ya iya ya wadatar. To, ga ni. A shekarata ta farko a jami'a 5 bisa 20 na samu a irin wannan jarrabawa, na naɗe takardar na cusa ta ƙarƙashin katifa, na kwana biyu tuwo ba ya wuce mini, bayan haka kuma na yi shekaru masu yawa ina cin abinci da koyar da lissafi. Idan ka ga dalilin da ya sa labarin mutum ɗaya ya isa ya kashe maganarka, to ka riga ka riƙe wani yanki mai kyau na abin da malaminka yake nufi da alamomin nan da suka firgita ka.

Abin da ya same ka ba raunin ƙwaƙwalwa ba ne, kiɗa ne ya canza kai kuma kana nan kana tsohuwar rawa. Kafin bak, ana nuna maka hanyar warware wani nau'in tambaya, ka maimaita ta sau ashirin, ranar jarrabawa a sauya lambobi a sake kawo maka ita. Hadda tana cin wannan kasuwa. A jami'a kuwa ana so ka faɗi dalilin da ya sa hanyar take kaiwa, da inda za ta daina kaiwa. Mu mutanen hadda ne, kuma ba na raina ta, amma ka dubi malamin da ake kira rabon gado. Ya haddace wanda yake da rabi da wanda yake da sudusi da wadda take da sumuni, sai dai kowane mamaci da irin magadan da ya bari, kuma babu littafin da ya rubuta masa amsar gidan da aka kira shi yau. Haddar ita ce jarinsa, aikin kuwa da hankali yake yin sa. Ba banza ba ma Alkawarizmi, wanda ya rubuta littafin da aljabra ta samo sunanta daga gare shi a Bagadaza wajen shekara ta 820, ya cika wani babban sashe na littafin da mas'alolin gado da wasiyya. Saboda haka shawarar abokanka ta haddace tsofaffin amsoshi ƙarin cutar ce da sunan magani. Za ta iya ɗaga ka daga 4 zuwa 7, ranar da malami ya sauya kalma guda a tambaya kuwa ka koma inda ka fito.

Kada kuma ka ɗauka wannan fanni baƙon Turawa ne da aka saukar mana. Abin da kuke kira lojik shi ne malaman zaure suke kira manɗiƙi. Aristotal ya tsara shi a ƙasar Girka fiye da shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, malaman Musulunci suka ɗauka suka yi ta sharhi, har malamin nan na Aljeriya Abdurrahman al-Akhdari, mai littafin Ahalari da yara suke fara fiƙihu da shi, ya yi waƙe guda a kan manɗiƙi a ƙarni na 16. Abin da George Boole, masanin lissafi ɗan Birtaniya, ya yi a 1854 shi ne ya mai da wannan tunani haruffa da alamomi da za a iya sarrafa su kamar aljabra, kuma a kan aikinsa kwamfuta da wayar da ke hannunka suke tafiya. Alamomin taƙaitawa ne kawai. Duk alamar da ka gani a allo, akwai jimlar Hausa a ƙarƙashinta, kuma aikinka na farko, kafin ka taɓa kowace tambaya, shi ne ka tono wannan jimla.

Kusan dukan darasin yana rataye ne a kan ƙananan kalmomi huɗu: "idan", "ko", "duk" da "akwai". Bari in daɗe a kan ta farko, don ita ce ta fi kayar da ɗalibai. A ce mahaifinka ya yi maka alkawari cewa idan ka ci bak zai saya maka babur. Yaushe za a ce ya saɓa? Ka ci ya saya, ya cika alkawari. Ka faɗi bai saya ba, babu mai tuhumarsa. Ka faɗi amma ya ji tausayinka ya saya, wannan kyauta ce, ba ƙarya ba. Hali ɗaya ne kawai yake mai da shi mai saɓa alkawari, wato ka ci ya ƙi saya. Jadawalin nan mai layi huɗu da ka haddace ba tare da ka yarda da shi ba, wanda yake cewa "idan P to Q" ƙarya ce a layi guda kaɗai, labarin babur ɗin nan ne ba ƙari. Wanda ya riƙe labarin ba ya bukatar haddar jadawalin, zai sake gina shi a ɗakin jarrabawa cikin minti guda.

Sai kuma juyawa. Idan mutum yana Maradi, to yana Nijar. Wannan gaskiya ce. Juya ta ka ce idan mutum yana Nijar to yana Maradi, mutanen Damagaram da Tawa su yi maka dariya. Amma idan ka juya ta kuma ka kore ɓangarorin biyu, ka ce wanda ba ya Nijar ba ya Maradi, ka dawo kan gaskiyar farko sanye da wata riga. Juyi na farko kuskure ne, na biyu kuwa halal ne, har ma akwai hujjoji da yawa da ba sa buɗewa sai ta wannan ƙofa. Ka riƙe wannan bambanci da kyau, domin za ka sake haɗuwa da shi a lissafin yiwuwa, kuma a can ya fi cizo.

"Ko" ba ta da wuya, abu guda ne za ka kiyaye. Idan aka tambaye ka a gida fura ko kunu, ɗaya ake nufi ka zaɓa. A lissafi kuwa "ko" irin ta mai gadi ce da ya ce mai katin ɗalibi ko katin ɗan ƙasa ya shiga. Wanda ya zo da duka biyun ba a kore shi.

"Duk" da "akwai" su ne alamomin nan biyu, A da aka kifa da E da aka juya. A nan jeri shi ne kome. Kowane kwaɗo a kasuwa akwai mabuɗin da ke buɗe shi, wannan haka yake. Akwai mabuɗin da ke buɗe kowane kwaɗo a kasuwa, wannan kuwa da gaskiya ce da babu ɗan kasuwar da zai runtsa. Kalmomin ba su sauya ba, wurin zamansu ne ya sauya, ma'ana ta tashi daga gabas ta koma yamma. Haka nan wajen korewa. Idan yaron shago ya ce duk buhunan da ke cikin sito gero ne, kishiyar maganarsa ba ita ce babu gero ko buhu ɗaya ba; kishiyarta ita ce akwai aƙalla buhu ɗaya da ba gero ba. Na yi shekaru ina duba takardun ɗalibai, kuma zan iya rantsuwa cewa a wannan ɗan wuri maki ya fi zubewa. Tun da da Faransanci ake koya muku, ka ware shafi guda ka rubuta irin su "au moins" da "au plus" da "si et seulement si", kowace da Hausarta da misali daga gidanku, domin sau da yawa ɗalibi yana zaton lissafi ne ya gagare shi alhali kalma biyu ce ta Faransanci bai tantance ba.

Game da "tabbatar da cewa", abin da ake nema shi ne dalilin da ya rufe kowace ƙofa, ba tarin misalai ba. Gwada wannan da alƙalami yau da dare. Ɗauki lamba, ka ninka ta da kanta, ka ƙara ta a kai, sannan ka ƙara 41. Sifili zai ba ka 41, ɗaya ya ba ka 43, biyu 47, uku 53, kuma duka waɗannan lambobi ne da ba sa rabuwa sai da ɗaya da kansu. Ci gaba har 39, ba za ta saɓa maka ba ko sau ɗaya. Mutum ya gwada sau arba'in ya ga abu yana fita daidai, ai sai ya buga ƙirji. Sa 40 ka gani: 1681 za ka samu, wanda shi ne 41 sau 41. Tun ƙarni na 18 aka san wannan misali daga masanin lissafi Euler, kuma ban san abin da ya fi shi koya wa ɗalibi tsoron kalmar "duk" ba. Kwatanta shi da hujja ta gaskiya, ko da ƙarama ce. Me ya sa mara da mara kullum suke ba da cika? Domin lambar mara ita ce wadda idan ka jera ta bibbiyu sai ɗaya ya yi saura. Haɗa guda biyu, saura da saura su zama biyu, babu wanda ya rage shi kaɗai. Ba mu gwada ko lamba ɗaya ba, amma mun gama da dukansu har abada. Idan ka rubuta wannan da haruffa, 2a + 1 da 2b + 1 suka ba ka 2(a + b + 1), to ka yi abin da malaminka yake nema, kuma ka lura cewa tunanin ya riga haruffan zuwa.

Yanzu ga dalilin da ya sa nake hana ka tsallake lojik ka ce za ka rama a gaba. Darussan nan da kake gani an jera su kamar baƙin juna, igiya ɗaya ce. Ɗauki ƙauye mai manoma 50, lambobin nawa ne na ƙirƙira don misali. A cikinsu 30 sun shuka wake, 25 sun shuka riɗi, 12 kuma sun shuka duka biyun. Nawa ne suka shuka wake ko riɗi? Mai gaggawa zai ce 55, ya manta cewa mutanen ƙauyen ma ba su kai haka ba. An ƙirga mutum 12 sau biyu, sai a cire su sau ɗaya, a samu 43, bakwai kuma ba su shuka ko ɗaya ba. Ka ga "ko" ɗin mai gadi ta zama haɗakar rukunai, "da" ta zama mahaɗarsu, korewa ta zama waɗanda suka rage a waje. Idan kuma aka rubuta sunayen manoman aka zuba a ƙwarya aka zaro ɗaya ido rufe, yiwuwar a samu mai wake ko riɗi ita ce 43 bisa 50. Ba mu tashi daga ƙauyen ba, ga shi mun ratsa babi uku.

Tsaya a ƙauyen tukuna. A cikin masu riɗi 25, masu wake 12 ne, wato 12 bisa 25. A cikin masu wake 30, masu riɗi 12 ne, wato 12 bisa 30. Tambayoyin sun yi kama, amsoshin sun bambanta, kuma wannan shi ne juyin Maradi da Nijar ya dawo. Ga inda yake cizo. A ce a gari mai mutum 1,000 akwai 20 masu wata cuta, akwai kuma gwajin da yake kama 9 cikin kowane 10 masu cutar, amma yana yi wa 5 cikin kowane 100 masu lafiya ƙazafi. Masu cutar da gwaji zai nuna 18 ne. Masu lafiya 980 ne, a cikinsu zai nuna 49 bisa kuskure. Jimillar waɗanda gwaji ya nuna 67, masu cutar na gaskiya a cikinsu 18, wato kaɗan ya ɗara kashi ɗaya cikin huɗu. Mutumin da aka ce masa gwaji ya nuna zai ɗauka tara cikin goma ya kamu, domin ya rikita "idan akwai cuta gwaji zai nuna" da "idan gwaji ya nuna akwai cuta". Wannan ita ce ƙa'idar Bayes, wadda aka buga a 1763 bayan rasuwar mai ita, kuma za ka gan ta a allo da haruffa masu ban tsoro. Duk lokacin da ta rikita ka, ka ajiye haruffan ka ƙirƙiri gari mai mutum dubu ka ƙirga kawuna.

Ƙirge kuwa, wanda kuke ciki yanzu, tambaya ɗaya ce take raba gardama: jeri yana da tasiri ko ba shi da shi? Mata biyar da suka shiga adashi, hanyoyin jera ɗaukarsu 120 ne, domin ta farko ana zaɓenta cikin biyar, ta biyu cikin huɗu, haka har ƙarshe. Amma idan biyu za a aika gaisuwar biki daga cikinsu, hanyoyi 10 ne kawai, don babu ruwan masu biki da wadda aka fara kira. Yi wa kanka wannan tambaya kafin ka ɗauko kowace ƙa'ida daga ka.

Maganar kawunka tana da ƙamshin gaskiya ta fuskar tarihi, kuma ba zan ɓoye maka ba. Wasiƙun da masana lissafi Pascal da Fermat suka yi wa juna a Faransa a 1654, waɗanda ake ɗauka mafarin wannan fanni, a kan yadda za a raba kuɗin caca ne idan wasa ya katse kafin a gama. Sai dai ilimin ya daɗe da barin wannan gida. Da shi ake gwada ko sabon irin gero ya fi tsoho, da shi ake auna ko magani yana aiki, da shi masu hasashen damina suke magana. Ba da'awar sanin gaibu ba ne, auna iyakar jahilcinmu ne. Mai lissafin yiwuwa shi ne farkon wanda zai ce maka bai san abin da gobe za ta haifa ba. Kuma ban san wa'azin da ya fi shi hana caca ba. A ce wani ya ce ka ba da dala ashirin, wato sefa 100, ka jefa ɗan lido, idan shida ta fito ya ba ka sefa 500. Fuska shida gare shi, don haka a kan dogon zango kowace jifa shida za ka zuba 600 ka karɓi 500. Wanda ya iya wannan ɗan lissafi ba a cin kuɗinsa. Ka gaya wa kawu haka cikin ladabi, idan kuma zuciyarka ba ta kwanta ba ka tambayi malamin fiƙihun da ka amince da shi.

Ƙididdiga ita ce za ta fi zo maka da sauƙi, domin a rumfar mahaifinka ka girma. Ka tuna yadda yake yi idan aka kawo masa buhu daga ƙauye. Ba ya zazzage shi ya duba ƙwaya-ƙwaya, ba ya kuma yarda da abin da ke bakin buhu, don ya san a nan ake ɗora mai kyau. Yakan nutsa hannu can ciki, ya ɗebo daga tsakiya da gefe, ya baza a tafinsa, ya hura ya ga ƙaiƙayi da tsakuwa, sannan ya yi ciniki. Rabin ilimin ƙididdiga ke nan: yadda za a yi hukunci a kan mai yawa daga kaɗan, da yadda kaɗan ɗin yake yaudara idan daga baki aka ɗebo shi. Ƙirga kowa da kowa aiki ne mai tsada da ƙasa ba ta yin sa sai jefi-jefi, kamar ƙidayar 2012 da ta sami mutum miliyan 17 da ɗoriya a Nijar. A tsakanin ƙidaya da ƙidaya kuwa, da hannun da aka nutsa cikin buhu ake aiki. Sai ka kiyayi matsakaici. Samari tara suna zaune a fada suna shan shayi, kowa da jaka ɗaya a aljihu, sai wani Alhaji ya tsaya gaisawa da jaka 991 a jikinsa. Matsakaicin kuɗin mutum goman nan ya zama jaka ɗari, alhali tara daga cikinsu ko kuɗin sukari sai sun yi karo-karo. Lambar da ke tsakiyar jeri, wato jaka ɗaya, ita ce ta faɗi gaskiyar fadar. Haka kuma a tsakiyar damina hatsi yakan yi tsada, zazzaɓin cizon sauro ma yakan yawaita, amma babu mai hankalin da zai ce tsadar gero ce take kawo sauro. Lokaci ne ya haɗa su.

Ga yadda nake so ka sauya zaman karatunka, daga gobe. Bayan sallar asuba, kafin zafi ya taso da hayaniyar gida, ka ba lissafi awa ɗaya kowace rana, domin awa ɗaya kullum ta fi kwana biyu ba barci ana gobe jarrabawa. Duk ta'arifin da aka ba ku, ka faɗe shi da Hausa da babbar murya kamar kana yi wa ƙanenka bayani, ka kawo misali ɗaya da ya shiga cikinsa, ka kawo ɗaya da ya kusa shiga amma bai shiga ba. Wannan na ƙarshen shi ne ma'auni. Wanda ya kasa kawo shi bai gane ba tukuna, ko da ya iya rera ta'arifin kamar karatun allo. Idan ka karanta hujja, rufe littafin ka sake gina ta a farar takarda, inda ka tsaya cik nan ne ainihin abin da ba ka sani ba, kuma nan ne za ka kai wa malami. Kada ka je masa da "ban gane kome ba", babu malamin da ya san maganin wannan. Ka je da takardarka ka ce, Malam, daga layi na uku zuwa na huɗu ne ban ga abin da ya halatta ba. Tambayar motsa jiki kuwa ka yi kokawa da ita minti talatin kafin ka leƙa amsa, ko a littafi ko a waya, domin amsar da aka karanta takan yi daɗin fahimta ta kuma gudu kafin la'asar. Nemi abokai biyu, kada su wuce haka don kada zama ya koma fada, kowa ya riƙa tashi yana bayani sauran suna neman inda za su kama shi. Tsofaffin jarrabawa suna da ranarsu: mako biyu kafin jarrabawa, da agogo a gabanka, littafi a rufe.

Batun mahaifinka, ka faɗa masa cikin makon nan. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma gara ya ji daga bakinka yanzu, tare da abin da ka shirya yi, da ya ji a ƙarshen shekara daga bakin wani. Mutumin da yake jin "dala tamanin" ya san sefa 400 ne kafin ka buɗe baki, wanda ya ga shekarar da ya sayi hatsi da tsada farashi ya faɗi a hannunsa, ya san bambancin faɗuwar ciniki ɗaya da karyewar jari. Ka zaɓi lokacin da ya dawo ya ci abinci ya huta, ka ce masa, Baba, jarrabawar farko ba ta yi kyau ba, na gano inda matsalar take, ga abin da nake yi a kai. Ba na ce fatauci abin kunya ba ne, garin nan da fatauci ya yi suna, kuma idan ka yi zango guda cikakke da wannan sabuwar hanya, ka shiga jarrabawar ramuwa idan ta kama, sannan ka ga zuciyarka ba ta wurin, to ka sake rubuto mini mu yi maganar sauya sashe ko sauya hanya da idon basira. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ka yanke hukuncin rayuwarka daga takarda ɗaya, wadda ita ma daga bakin buhu aka ɗebo ta.

Kafin nan ga aikin da na ba ka. Ka ciro takardar nan mai 4 bisa 20 daga inda ka ɓoye ta, ka bi tambayoyinta ɗaya bayan ɗaya, ka rubuta a gefen kowace da Hausa abin da aka tambaye ka, ba amsar ba, tambayar kawai, sannan ka ƙirga guda nawa ne ka amsa abin da ba shi aka tambaya ba. Bayan haka ka kore mini wannan jimla ba tare da ka fara da "ba gaskiya ba ne cewa" ba: kowane ɗalibi a ajinmu akwai darasin da ya faɗi. Ka aiko mini da adadin da jimlar a wasiƙarka ta gaba, ka kuma gaishe mini da Baba.